Danshi a Bangon Birkila

Shekara talatin da bakwai Birkila ya yi yana ɗora bulo kan bulo, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a taɓa aiko masa cewa bangon da ya tayar ya sha ruwa ba. Da wannan yake tinƙaho. Bai tara abin a-zo-a-gani ba, ko keke mai kyau bai taɓa mallaka ba, amma in ya bi ta layi sai ya riƙa nuna gidaje da haɓa yana cewa, "Wancan hannuna ne. Je ka dafa gindin bangon ko a tsakiyar damina, in ka ji sanyi ka zo ka karɓe cokalin ginina."

Sirrin kuwa ba wani tsafi ba ne. Idan harsashi ya taso sama da ƙasa kamar taƙi guda, kafin a ci gaba da jera bulo, sai ya shimfiɗa wata baƙar takarda mai kauri da aka jiƙa da kwalta a kan bangon, daga wannan kusurwa har waccan. Yakan ce wa leburorinsa bulo mashayi ne, yadda lagwani ke jan mai haka yake jan ruwan ƙasa, amma in ruwan ya hau ya iske baƙar shimfiɗar nan, nan tafiyarsa ta ƙare. Sharaɗin ɗaya ne tak: kada a bar ƙasa ko tarin yashi ko wani gini ya haye saman shimfiɗar daga waje. In ya haye, to an yi wa ruwa gada.

Gidansa ma da hannunsa ya gina shi, ya ɗaga daɓensa har sai an taka matakala uku kafin a shiga. A nan shi da matarsa suka raini 'ya'yansu huɗu, a nan kuma ta rasu. Matan uku duk suna gidajensu. Namijin, wanda shi ne auta, shi ya zauna da uban, da shi da matarsa.

Wannan ɗa tun yana ƙarami uban ya laƙaba masa Akawu, saboda ba ya son ƙura ta taɓa masa riga. Sau biyu aka kai shi wurin gini lokacin hutu, sau biyun kuma aka koro shi. Birkila ya ce yaro ne mai riƙe bulo kamar an ba shi jaririn maƙwabta. Ƙarshenta ya zama malamin lissafi a makarantar sakandare, amma sunan Akawu bai sake shi ba, har ɗalibansa sun ji sun ɗauka. Matarsa tela ce. Ɗakin da ke gefen ƙofar tsakar gida nan ta kafa kekenta, ta jera yadukan mutane a kan kanta jikin bango. Birkila yana ji da ita ƙwarai. "'Yata" yake ce mata, kuma yakan ce ita kaɗai ce a gidan ta san ma'anar awo.

Wata safiya yana duba wani aiki, cokali ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, ƙafa ta ƙi. Kafin leburori su ankara yana kwance a kan yashi, bakinsa ya karkace. Likitoci suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin hagu. Mako bakwai ya yi a asibiti.

Ranar da aka sallame shi, aka sauke shi daga mota aka ɗora a keken guragu, aka turo shi ta ƙofar tsakar gida. Yana ta tunanin yadda za a ɗaga shi a matakalar nan uku kamar buhu, sai ya ga babu matakalar. A maimakonta wani gangare ne na siminti, ya taso daga ƙasa a hankali, ya bi jikin bangon ɗakin ɗinki tsawon taku shida, har ya kai bakin ƙofa.

Tela ta durƙusa gefen keken ta ce, "Baba, shi ya gina. Da hannunsa. Wallahi ko kwanon siminti bai bar wani ya ɗauka ba. In ya taso daga makaranta sai ya cire riga."

Birkila ya ɗaga ido ya dubi ɗansa. Akawu yana tsaye yana murmushin kunya, ya ɓoye hannuwa a baya, amma uban ya riga ya ga ƙyallen da ya naɗe tafukansa da shi.

Daga nan idonsa ya koma kan gangaren. Ai ido ba ya shanyewa. Kallo ɗaya ya yi ya ga komai. An cika cikin gangaren da ƙasa da ɓaraguzai, an manna shi da bango ƙam, ko tsinke ba zai shiga tsakaninsu ba. Baƙin layin nan da ya saba gani a gindin bangon ya ɓace, gangaren ya haye shi tun daga taku na biyu. Bugu da ƙari, saman ya ɗan kwanta wajen bango, ba wajen fili ba. Duk ruwan da ya sauka a kai, bango zai nufa.

Ya buɗe baki zai yi magana, harshe ya ƙi ɗaguwa, sai wani gunaguni ya fito. Hawaye suka zubo masa. Tela ita ma ta fashe da kuka, Akawu ya juya baya yana share fuska. Duk sun ɗauka kukan daɗi ne. Kuma ba su yi kuskure duka ba, don rabinsa na daɗin ne.

Harshen ya dawo a hankali. Bayan wata uku yana iya haɗa magana, ko da yake tana fita da nauyi. Kullum in aka turo shi kan gangaren zuwa inuwar tsakar gida sai ya ce a ransa yau zai faɗa. Sai kuma ya ga yadda Akawu yake tsayawa da baƙi a wurin, yana nuna musu inda ya fara, da yadda ya lissafa tudun don kada keke ya ƙwace. Shekara talatin da uku yaron nan bai taɓa jin "madalla" daga bakin ubansa a kan aikin hannu ba. Yanzu kuma abu ɗaya da ya gina a duniya, shi za a ce a fasa? Sai Birkila ya haɗiye maganar. Ya ce bari dai rani ya wuce. Ya ce wataƙila ruwan bana ba zai yi yawa ba. Shi da kansa ya san ƙarya yake yi wa kansa.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Wari ne ya fara zuwa, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Tela ta fitar da komai ta share, ta kunna turare, warin ya ɗan yi ladabi ya dawo. Sai fentin gindin bango ya fara kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai wani farin gari mai kama da gishiri ya tsatso. Wata safiya ta ɗaga farin yadin wata ma'aikaciyar jinya da ya kwana uku a kanta ta ƙasa, ta tarar fumfuna ta yi masa baƙaƙen ɗigo tun daga baki har baki. Ta wanke, ta jiƙa, ta shanya, ɗigon ya ce yana nan.

Mai yadin ba ta yi da sauƙi ba. Daga inda yake zaune Birkila ya ji muryarta tana cewa, "To in gidan birkila guda yana tsatsar ruwa, mu namu ai sai kwale-kwale." Tela ta yi ta ba ta haƙuri. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa na hagu da ke kwance a cinya kamar ba nasa ba.

Akawu ya kira Mai Fenti. Wannan tsohon abokin Birkila ne, tare suka yi yawon aiki tun suna samari, kuma tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya. Ya kankare bangon, ya shafa sabon fenti, ya sha shayi, ya tafi. Mako biyar fentin ya sake kumbura. Da ya dawo karo na biyu bai buɗe gwangwani ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya fita waje ya zagaya, ya tsuguna a gindin gangaren. Da ya miƙe sai ya jawo kujera ya zauna kusa da Birkila, ya rage murya.

"Kai tsohon banza. Ka gani ai."

"Na ga me?"

"Kada ka raina mini hankali. Ni mai shafe-shafe ma na gani, balle kai. Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon nan ƙafa ya taɓa maka ko ido?"

Birkila ya waiga ya tabbata babu kowa kusa. "Rufe mini baki. Yaron ne ya gina."

"Na sani. Duk layin nan wa bai sani ba? Har ni ya tare ni a hanya ya ba ni labari." Mai Fenti ya sosa ƙeya. "Ni fa ba ruwana, gaba ta kai ni. Ku yi ta kirana duk wata ina shafawa ina shan shayinku. Amma ka saurari yarinyar nan kuwa?"

Suka kasa kunne. Daga ɗakin ɗinki ƙarar keke tana tashi, ta tsaya, sai tari ya biyo, busasshe mai kankare maƙogwaro, sannan keken ya ci gaba.

"Tun yaushe take wannan?" in ji Mai Fenti.

Birkila ya fi wata guda yana jin tarin nan, yana cewa mura ce.

Mai Fenti ya tashi ya ɗauki gwangwaninsa. "Ba zan shafa ba. Ka ce masa na ce bangon bai bushe ba. Sauran kuma kai ka san inda za ka sa shi."

Kwana biyu bayan haka Akawu ya zo da wani ɗan kwangila, matashi mai tsabtar takalmi, riƙe da wata 'yar na'ura mai ƙara in an dangwala ta a bango. Ya dangwala nan ta yi kuka, ya dangwala can ta yi kuka. Ko leƙa waje bai yi ba. Ya ce irin waɗannan tsofaffin gidajen yawanci ba a sa musu abin tare danshi, in ma an sa to ya ruɓe. Ya ce sai an fasa filastar ɗakin duka, a huda bango a jere, a ɗura magani.

Da ya tafi, Akawu ya zo ya tsuguna gaban uban. Cikin lallashi ya ce, "Baba, kada ka sa abin nan a ranka. Ba laifinka ba ne. Shekara talatin da wani abu ai komai yana gajiya. Kuma a zamaninku ba a samu kayan aiki irin na yanzu ba."

Da zagi ya yi masa da ya fi sauƙi. Birkila ya ji maganar ta taso masa har wuya, ya dube shi, ya ga tausayi ne zalla a idon yaron, sai ya ce, "Haka ne." Abincin rana ma kasa ci ya yi.

Da la'asar Tela ta kawo masa shayi. Maimakon ta ajiye ta wuce yadda ta saba, sai ta zauna a bakin ƙofa, tef ɗin awonta rataye a wuya, tana murza bakinsa da yatsa.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yi, 'yata."

"Shi danshi in zai hau bango, a karkace yake hawa?"

Ya ɗago ya dube ta. "Me kika gani?"

"Tabon ɗakina. Wajen taga taƙi ɗaya ne daga ƙasa. Wajen ƙofa ya kai gwiwata. Na auna shi wuri huɗu, na fita na auna gangaren wuri huɗu." Ta yi tari, ta dafe ƙirji. "Kamar da shi aka yanka shi, Baba."

"Tun yaushe kika auna?"

"An yi sati uku."

"Ba ki faɗa masa ba."

"Da wane bakin? Ni na riƙa ɗaure masa hannu lokacin da yake yi. Ni na riƙa cewa ya yi kyau." Ta sunkuyar da kai. "Na ga kai ma ka yi shiru, sai na ce ko ni ce ban gane ba. Amma yanzu za a zo a farfasa ɗaki a banza, kuma ana ɗora maka abin da ba kai ka yi ba. Kai ne ubansa, kai ne magini. In daga bakinka ta fito zai ɗauka."

Birkila ya ajiye kofin. Wato su biyu suna zaune a gida ɗaya, kowa yana rufe tukunya ɗaya, ita tana biya da ƙirjinta. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ko ranar da aka fara yi masa wanka a asibiti.

"Ki yafe mini, 'yata," ya ce. "Daga yau ki fitar da kekenki falo. Kada ki ƙara wuni a ɗakin nan."

Ranar Asabar da hantsi ya ce wa Akawu ya tura shi waje. Da suka kai tsakiyar gangaren ya ɗaga hannun dama. "Tsaya nan. Ja birki. Ɗebo mini ruwa bokiti guda."

Akawu ya kawo, yana mamaki.

"Zuba a nan, a hankali. Ka kalli inda zai bi."

Ruwan ya bazu a kan simintin, ya yi kamar zai gangara ƙasa, sai ya karkata gaba ɗaya ya taru a jikin bango. Ya ɗan tsaya a wurin, sannan wata siririyar tsaga da ke tsakanin gangaren da bangon ta shanye shi tas.

"Yanzu duba can ƙasa, inda gangaren ya fara. Ka ga wani baƙin layi a bango?"

"Na gani."

"Bi shi da ido. Ina ya tafi?"

Akawu ya bi layin har inda ya nutse a bayan siminti. Ya tsaya. Mutum ne mai lissafi, ba a buƙatar a ƙarasa masa. Birkila yana kallo fuskarsa ta sauya, ya leƙa ta taga ya dubi tabon da ke ciki, ya dawo ya dubi gangaren. Ya ajiye bokitin a hankali.

"Ni ne," ya ce.

"Gangaren ne. Ƙasar da ke cikinsa ta haye shimfiɗar, ruwa ya samu hanya. Ba kai kaɗai ba, na ga magina masu furfura sun yi wannan."

"Tun yaushe ka sani?"

Birkila ya so ya rage, amma ya ga ranar wanka ce. "Tun ranar da aka dawo da ni."

"Tun ranar..." Akawu ya yi wata dariya marar daɗi. "Wata goma, Baba. Wata goma ina tare mutane ina nuna musu. Na kira mai fenti sau biyu. Shekaranjiya na tsuguna a gabanka ina ba ka haƙuri a kan aikinka, ka ce mini haka ne."

"Ban so in karya maka zuciya ba."

"Da can da kake kora ta daga wurin gini, zuciyar ƙarfe ce da ni? Wallahi wancan ya fi mini. Aƙalla a lokacin ka ɗauke ni wanda zai iya jin gaskiya." Ya nuna ɗakin ɗinki. "Matata tana tari, kana ji."

Wannan maganar ta shigi Birkila. Akawu ya sauke shi ƙasa ya kai shi inuwa, don ko a cikin fushi bai bar shi a kan tudu ba, sannan ya fice daga gidan.

Sai bayan azahar ya dawo, da aron diga a kafaɗa da babbar guduma. Ya tuɓe riga ya nufi gangaren.

"Me za ka yi?" in ji Birkila.

"Fasa shi zan yi duka."

"To ni kuma in bi ta ina? Ta taga?" Ya buga hannun keken. "Ajiye digar nan, Akawu. Wa ya ce maka aikin banza ne? Tudunsa daidai, wata goma ina hawa ko sau ɗaya keke bai ƙwace ba. Simintin bai fashe ba. Laifinsa ɗaya, ya rungumi bango. Raba su za mu yi, ba kashe shi ba. Kira mini matarka da tef ɗinta."

Tela ta auna faɗin keken guragun, ta auna faɗin gangaren. Aka ga ko an yanke taƙi guda ta jikin bango, keken zai wuce da sarari. Birkila ya sa aka ja igiya aka yi layi da alli. Ya hana digar, ya ce kurfi da ƙaramar guduma za a sa, a bi layi sannu sannu, kada girgiza ta taɓa bango.

Asabar uku suka yi a kai. Birkila yana zaune da sanda yana nuni, Akawu yana durƙushe yana sara. Ranar farko ba su yi wata hira ba sai "nan" da "can" da "a hankali". Da aka ɗaga simintin, ƙasar da ke ƙarƙashi ta fito jiƙe sharkaf, baƙa, har da tana a ciki. Akawu ya damƙo ta ya matse, ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsunsa. Ya dubi uban, uban ya dube shi.

Suka kwashe ƙasar har suka sauka taƙi guda ƙasa da shimfiɗar. Baƙin layin ya fito, Akawu ya goge shi da tsumma, ya danna da farce. Yana nan da ƙarfinsa kamar jiya aka sa. Birkila ya gyara zama ya yi gyaran murya. "Ina mai na'urar nan? A kira shi ya zo ya ga ruɓaɓɓen aiki."

Bakinsa bai daɗe a buɗe ba. A Asabar ta biyu, da Akawu ya kai kusurwar da ke dab da ƙofa, sai ya tsaya yana tono da yatsa.

"Baba, nan fa layin ya yanke."

"Ƙasa ce ta rufe shi. Goge da kyau."

"Na goge. Wannan ya ƙare nan, wancan ya fara can. Tsakaninsu yatsa uku, siminti ne zalla."

Birkila ya sa aka matso da keken. Ya leƙa. Abin da ya manta shekara talatin da biyar ya dawo masa tar. Ranar da yake shimfiɗar, takardar ta ƙare masa a wannan kusurwa, yamma ta yi, ya ce gobe zai ciko guntu ya haɗe. Washegari ya makara, ya iske leburori sun riga sun ɗora layi biyu. Ya ga wurin, ya ce yatsa uku ai ba komai, kuma kusurwar tana ƙarƙashin rufin matakala. Ya wuce bai faɗa wa kowa ba.

Ya ba su labarin yadda yake, bai rage ba. Tela ta rufe baki da gyale. Akawu ya zauna daɓas a kan tarin ƙasa, ya dubi gibin, ya dubi uban, sai dariya ta ƙwace masa, ta gaske wannan karon, har da riƙe ciki.

"Ashe wanzami ba ya son jarfa," ya ce. "Baba, kada ka sa abin nan a ranka. A zamaninku ba a samu kayan aiki ba."

"Ɗan banza," in ji Birkila, shi ma bakinsa na rawa da dariya. "Ɗauko kurfi. Tun da ka gano, kai za ka gyara."

Ya koya masa yadda ake sassaƙe simintin da ke tsakanin bulo kaɗan kaɗan ba tare da an raunana bango ba, a zura sabuwar baƙar leda mai kauri ta hau kan tsohuwar ta kowane gefe da faɗin tafin hannu, sannan a cusa sabon kwaɓi a danne. Sau biyu ya sa shi ya cire ya sake. Na ukun ya daɗe yana dubawa, ya taɓa da bakin sanda, ya ce, "Bar shi haka. Ya yi."

A Asabar ta uku suka tayar da siririn bango a gefen gangaren don ya riƙe ƙasarsa, ya ɗan ɗara saman da yatsa huɗu saboda kada tayar keke ta faɗa ramin. Suka zuba tsakuwa a gindin ramin, suka karkata shi ya zube a lambatu. Saman gangaren kuma aka ƙara masa kwaɓi ya kwanta wajen fili. A cikin ɗaki Akawu ya kankare ruɓaɓɓiyar filasta har zuwa ƙugu, aka bar bulo tsirara, tagogi a buɗe.

Birkila ya ce kada wanda ya yi gaggawa, bangon da ya sha ruwan damina guda ba ya bushewa a mako. Tela ta ci gaba da ɗinki a falo, tarin ya ragu, kafin wata biyu ya tafi. Shi kuma ya samu aikin yi. Duk bayan ruwa sai ya sa a ajiye shi a kan gangaren, ya bi ramin da sandarsa yana tsamo ganye da ledoji, yana faɗa da duk wanda ya jingina tsintsiya ko buhun gawayi a jikin bangon. Akawu kan ce an yi wa lambatu sarki.

Sai da rani ya yi nisa aka yi sabuwar filasta. Mai Fenti ya riƙa leƙowa yana tambaya ko lokaci ya yi, ana korarsa. Ƙarshe Birkila ya sa Tela ta manna 'yar farar leda a bangon, ta liƙe gefunanta, aka bar ta kwana biyu. Ya ce in an ga gumi a cikinta, a ƙara wata guda.

Ranar da za a ɓare, Mai Fenti ya iso tun da safe da buroshinsa. Tela ta ɓare ledar ta miƙa wa surukinta. Ya juya ta, ya shafa a kumatunsa na dama, ya ɗaga ta wajen haske. A bushe take ƙayau.

"To, mai shafe-shafe, bisimilla," ya ce. "Fari za ka sa."

"Fari kuma, Baba?" in ji Tela. "Ni fa ruwan ganye nake so."

"Ɗaki nata, bango naka," in ji Mai Fenti yana buɗe gwangwani. "Ni dai ruwan ganye na zo da shi, tun makon jiya ta aiko mini. In kana da ƙorafi ka tashi ka hana ni."